Na Ci Amanar Ubangidana, Ya Rasu Ban Nemi Gafararsa Ba: Akwai Sauran Gafara Domina?

"Baba Fasto, salama a gare ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina zaune a Sabon Tasha, Kaduna. Shekara 11 da suka wuce ina yaron shago a wurin wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwa. Mutumin nan ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa, har makullin shago a hannuna yake kwana. Na yi ta zarar kuɗi kaɗan-kaɗan. Da aka zo lissafi aka ga giɓi, sai zargi ya faɗa kan ƙaramin yaron da muke tare a shagon. Ina tsaye aka kore shi, ban ce uffan ba. Da kuɗin nan na kafa nawa jarin. Alhaji ya rasu shekara 4 ke nan, ban nemi gafararsa ba. Na yi kuka, na yi azumi, na roƙi Allah ba adadi, amma nauyin bai sauka ba. Na daina cin Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a majami'a. 'Yata ta biyu tana da sikila, duk ranar da ciwon ya tashi sai zuciyata ta ce mini alhakin yaron nan ne. Alhaji da bakinsa yakan ce Allah ba ya yafe hakkin wani sai mai hakkin ya yafe. To, ga wanda zai yafe mini yana kabari. Baba, akwai sauran gafara domina?"

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Akwai gafara dominka. Na sa wannan a gaba ne domin kada ka karanta sauran gabanka na faɗuwa. Amma amsar ba ta tsaya nan ba, domin abubuwa da dama ka ɗaure a ƙulli ɗaya: ko Allah yana gafarta laifin da mai hakki ya mutu bai yafe ba, me ya sa nauyin ya ƙi sauka duk da addu'ar da ka yi, da kuma ko ciwon 'yarka bulala ce daga sama. Akwai kuma wata tambayar da ba ka yi ba, wadda a ganina ta fi sauran gaggawa. Zan zo kanta.

Ba zan rage maka girman abin da ka yi ba, kai ma ba ka nemi haka ba. Ka ci amanar mutumin da ya ba ka makulli, ka kuma bar yaro ya tafi da sunan ɓarawo alhali ka san gaskiya. Laifi biyu ne, kuma na biyun ya fi na farkon nauyi. Na ji daɗi da ka faɗe shi tiryan-tiryan, ba ka ce talauci ne ya sa ka ba, ba ka ce sharrin Shaiɗan ne ba. A shekarun da na yi ina sauraron mutane a ɗan ofishin da ke bayan majami'a, akasarinsu sai sun gama zagaye-zagaye kafin su iso inda kai ka fara.

Nauyin da ya ƙi sauka

Abin da kake ji yana da suna, lamiri ne, kuma lamirin da yake ciwo lamiri ne mai rai. Sarki Dawuda ya kwatanta wannan hali a Zabura 32. Ya ce lokacin da ya yi shiru bai furta laifinsa ba, ƙasusuwansa sun lalace saboda nishi dukan yini, ƙarfinsa ya ƙafe kamar yadda zafin rani ke busar da ƙasa. Duk wanda ya kwana a Kaduna cikin bazara, watan Maris zuwa Afrilu kafin ruwan farko, babu wuta babu iska, ya san abin da ake nufi. Mutum yana kwance amma bai huta ba.

Sai dai baƙin ciki a kan zunubi iri biyu ne, Manzo Bulus ya raba su a 2 Korintiyawa 7:10. Akwai wanda ke kai mutum ga tuba da ceto, akwai na duniya wanda ke haifar da mutuwa. A dare ɗaya almajirai biyu suka ci amanar Yesu. Mutane sukan ɗauka Yahuza bai yi nadama ba, amma ka buɗe Matiyu 27: ya yi nadama, ya ce ya yi zunubi da ya ba da marar laifi, har ya mayar da azurfa 30 ɗin ya zubar a Haikali. Nadama, furtawa, mayar da kuɗi, duk ya yi. Abin da bai yi ba shi ne komawa wurin wanda ya yi wa laifin. Ya yanke wa kansa hukunci, ya zartar da hannunsa. Bitrus kuwa ya yi musun Ubangijinsa sau uku yana jin ɗumi a bakin wutar gawayi, ya fita ya yi kuka mai zafi, amma bai rabu da 'yan'uwa ba. A Yohanna 21, a bakin teku, Yesu da kansa ya hura wata wutar gawayin, ya gasa kifi, ya ciyar da shi tukuna, sannan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma damƙa masa kiwon tumakinsa. Wanda ya ci amana aka sake ba amana.

Ina tsoron shekarun nan ka fi kusa da hanyar Yahuza, ko da yake a hankali kake tafiya. Ka zama alƙalin kanka, ka kori kanka daga teburin Ubangiji, kana biyan tara da rashin barci.

A kan me gafarar ta tsaya

Ayar da kowane ɗan makarantar Lahadi ya haddace ita ce 1 Yohanna 1:9: in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta mana, ya tsarkake mu daga dukan rashin adalci. Mun saba da ita har ba ma jin abin mamakin da ke ciki. Da ni ne mai rubutu da na ce mai jinƙai ne, mai tausayi. Amma manzon ya ce mai adalci. Yaya adalci zai sa a saki mai laifi? Amsar tana kan gicciye. Bangaskiyarmu ba ta ce Allah ya kau da kai daga zunubi kamar bai gani ba. Ta ce an hukunta zunubin, amma a jikin Almasihu. Ishaya 53 ya ce saboda laifofinmu aka soke shi, Ubangiji ya ɗora masa muguntar mu duka.

Kai ɗan kasuwa ne, bari in yi maka magana da yaren shago. Kana da littafin bashi. Wata mata ta ɗauki turmi uku, ka rubuta. Yayanta ya zo ya biya, ka ja layi a kan sunanta. In ta dawo washegari tana kuka tana cewa ka yi mata haƙuri za ta biya, me za ka ce? In ka karɓi kuɗinta karo na biyu, kai ne azzalumi. Kolosiyawa 2:14 da wannan hoton ta yi magana: takardar bashin da ke tsaye gāba da mu, ya soke ta, ya kafe ta da ƙusa a gicciye. Allah ba ya karɓar bashi ɗaya sau biyu, shi ya sa gafararsa adalci ce.

A misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 18, bawan nan sarki yana binsa talanti 10,000. Talanti ɗaya ya kai wajen dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa ladan ƙwadago ne na yini guda. Ka buga lissafin, za ka ga ko jikokin jikokinsa ba su biya. Amma da ya faɗi gaban sarki me ya ce? A yi masa haƙuri zai biya duka. Bai ma gane zurfin ramin da yake ciki ba. Haka azuminka da hawayenka suke idan ka ɗauke su a matsayin biya. Azumi abu ne mai kyau, ni ma ina yi, amma ba kuɗin fansa ba ne. Martin Luther, tun yana zaman sufi a Jamus kafin 1517, yakan shafe sa'o'i yana furta zunubansa ga shugabansa Staupitz, ya fito ya tuna wani ya koma. Bai sami hutu ba sai da ya gane daga wasiƙar Romawa cewa adalcin da Allah yake nema, Allah ne yake ba da shi kyauta ta wurin bangaskiya. A nan zan ja maka kunne: garin nan cike yake da masu cewa ka kawo kuɗi su karya maka la'ana, ko ka shuka iri a yafe maka. Kada ka kai musu ko sisi. Bitrus ya gaya wa Siman mai sihiri, a Ayyukan Manzanni 8, cewa kuɗinsa su hallaka tare da shi tun da yana tsammani baiwar Allah abin saye ce.

To me ya sa ba ka ji an yafe maka ba? Wani ɓangaren amsar shi ne, ji ba ma'auni ba ne. Zuciya takan makara, kamar mutumin da aka cire wa ƙaya amma wurin yana zogi. 1 Yohanna 3:20 ta ce ko zuciyarmu ta kāshe mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san kome. Wannan gaskiya ce, ka riƙe ta. Amma a naka al'amarin ba na jin ita kaɗai ce. Ina ganin nauyin ya ƙi sauka ne domin akwai abin da har yanzu yake hannunka wanda ba naka ba.

Maganar Alhaji

Maganar da marigayin yake yi ba ta banza ba ce, kada ka yi saurin ture ta don ta fito daga bakin wanda ba addininku ɗaya ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna ɗaukar hakkin mutum da nauyi ƙwarai, kuma sau da yawa mu Kirista mukan ɓuya a bayan kalmar alheri mu yi wasa da shi. Littafi Mai Tsarki bai yi wasa da shi ba. Littafin Firistoci 6:1-7 kamar da kai ake magana: wanda ya ci amanar maƙwabcinsa a kan ajiya ko ya ƙwace masa abu, sai ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sannan ya kawo ragon hadaya. Littafin Ƙidaya 5:5-8 ma ya hango irin matsalarka, domin ya yi maganar dangin da za a biya idan mai hakkin ba ya nan. Ubangiji Yesu kuma a Matiyu 5:23-24 ya ce in kana gaban bagade da baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon nan, ka je ku shirya tukuna.

Inda koyarwarmu ta tsaya daban shi ne, makullin gafarar Allah ba ya hannun mutum, balle a ce an binne shi tare da shi. Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe Uriya a bakin dāga. Uriya bai taɓa sanin abin da aka yi masa ba, balle ya yafe. Duk da haka da Dawuda ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi, annabi Natan ya amsa masa nan take cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, kamar yadda yake a 2 Sama'ila 12:13. A Zabura 51 Dawuda ya ce wa Allah shi kaɗai ya yi wa zunubi. Ba wai Uriya ba kome ba ne. Abin nufi, duk wanda ka cuta halittar Allah ne, dokar da ka karya ta Allah ce, don haka shari'ar a kotunsa take ƙarewa. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu hannuwansa a kafe suke, ba shi da halin mayar wa kowa ko allura, amma aka ce masa yau zai kasance a Firdausi.

Kai kuwa hannuwanka ba a kafe suke ba. Dubi yadda labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ya gudana a Luka 19. Yesu bai ce masa ya je ya biya mutane sannan ya shiga gidansa ba. Ya kira shi daga kan itace, ya ce yau a gidanka zan sauka. Bayan an karɓe shi ne Zakka ya miƙe tsaye ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Karɓa ce ta zo da fari, biya ya biyo baya kamar yadda 'ya'ya ke bin fure. Ba za ka biya don a gafarta maka ba. Za ka biya domin wanda ya ɗanɗani gafara ba ya iya ci gaba da kwana a kan kayan wani.

Ka lura da wannan, ɗana, ko da zai yi maka zafi. Shekara 11 kana shan azaba, amma azabar nan ba ta kai ko naira ɗaya gidan marayun Alhaji ba, ba ta kuma wanke sunan yaron nan ba. Wahalar da kake sha kai kaɗai ta sani.

Ciwon yarinya

A kan wannan ba zan yi kwana-kwana ba: ka sauke wannan kayan daga kan 'yarka. Sikila gado ne na jini. Yaro yakan same ta ne in ya ɗauko ƙwayar daga uwa da uba duka biyu, kuma idan iyaye AS ne su biyun, wato suna ɗauke da ƙwayar amma ba su da ciwon, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Ƙwayar nan tana jikinka tun kana cikin mahaifiyarka, tun ba ka san hanyar kasuwa ba. Akwai dattawan kirki a ikkilisiyoyinmu da limamai masu tsoron Allah da ke jinyar 'ya'ya masu wannan ciwo.

Na san za ka ce ai ɗan da Bat-sheba, matar Uriya, ta haifa wa Dawuda ya mutu. Haka ne, ba zan ɓoye ayar ba. Amma can annabi ne Allah ya aiko da magana takamaimai ga sarki guda a kan al'amari guda. Kai ba wanda aka aiko maka, tsoro ne yake maka wa'azi. Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin mahaifinsa ba. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Hausawa kan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ko a karin maganar ma mai shi aka ce, ba 'yarsa ba. Yarinyar nan tana bukatar uban da zai riƙe hannunta a asibiti, ya tabbata tana shan ruwa sosai da magungunanta, tana kwana cikin gidan sauro, an rufe ta da kyau lokacin hunturu. Ba ta bukatar uban da in ya dube ta sai ya ga hukuncinsa. Yara suna karanta fuska fiye da yadda muke zato.

Wanda yake raye

Ga tambayar da ba ka yi ba. Wasiƙarka ta ƙare a kabarin Alhaji, amma yaron da aka kora layi biyu kawai ka ba shi. Alhaji ya yi asarar kuɗi, yaron nan suna ya rasa. Ka san kasuwa: yaron da aka kora da sunan sata, wane mai shago ne a layin zai sake ba shi ajiya? Wataƙila har gida an yi masa kallon ɓarawo. Yau magidanci ne, kuma mai yiwuwa har yanzu yana ɗauke da tabon abin da bai yi ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya wanke shi, kai ne. Wannan ba ya bukatar ka tara kuɗi tukuna.

Ga yadda nake ba da shawara a bi, bisa ga abin da na gani ya yi aiki. Ka fara da faston ikkilisiyarku ko wani dattijo guda mai riƙe sirri, ka gaya masa duka, baki da baki. Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a domin mu warke. In kai ɗan Katolika ne, ka je wurin Fada a ikirari, shi ma zai yi maka maganar mayar da kayan mutane. Akwai abin da kunne ke bukatar ji daga bakin wani mutum, cewa an gafarta maka cikin sunan Yesu, wanda karatu kai kaɗai a ɗaki ba ya bayarwa. Ba na ganin wajibi ne ka tsaya gaban taron jama'a ranar Lahadi. Furci ya kai iyakar inda laifin ya kai: Allah, iyalin marigayi, yaron, da waɗanda aka kore shi a gabansu. Maganar horo kuwa, kowace ikkilisiya da tsarinta, ka miƙa kai ga abin da dattawanku suka gani. Sai matarka. Kuɗin da za su fita daga tukunyar gidanku za su fita, bai kamata ta ji a bakin wani ba.

Wajen lissafi, kada ka ƙirga da naira, domin nairar wancan lokaci ba ita ce ta yau ba. Ka ƙirga da kaya. Abin da ka ɗauka turmi nawa na atamfa zai saya a lokacin? Kuɗin wannan adadin turmi a yau shi ne bashinka. Ƙarin kashi ɗaya cikin biyar ba doka ce a kanmu ba yanzu, amma ma'auni ne mai kyau ga wanda ya juya kuɗin mutane ya ci riba. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka kai abin da ya samu, a rubuta sauran a gaban shaidu. Kuma ka kiyaye: a tsarin gadon Musulunci, bashin da mamaci yake bi yana shiga cikin dukiyar da ya bari, a raba wa magada kowa da rabonsa. Don haka kada ka damƙa wa ɗa guda ko mata guda a ɓoye, ka jawo musu rigima. A nemi babban gidan ko wanda ya tsaya a kan rabon gadon. Wasu sukan ce a aika kuɗin ba suna, ko a zuba a baiko. Baiko ba ya biyan bashin marayu, aike ba suna kuma ba ya wanke yaron.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka tafi da dattijo, a bi ta hannun wani tsohon ɗan kasuwa da iyalin suke ganin girmansa, ko mai unguwarsu. Na san tun rikicin shekarar 2000 garin nan ya rabu, kogi ya zama kamar iyaka, har wanda ke Sabon Tasha ko Television yakan yi shekara bai taka Tudun Wada ko Rigasa ba. Amma ana ƙetarewa. A garin nan Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin, suka haɗu a 1995, suka koma aikin sulhu tare.

Na taɓa raka wani mutum irin wannan tafiya. A rikicin Fabrairun 2000, da maƙwabcinsa tela ya gudu da iyalinsa, ya shiga ɗakin ya ɗauke kan keken ɗinkinsa. Bai taɓa ɗinka ko ƙyalle da shi ba, bai kuma iya sayarwa ba. Ya naɗe shi a buhu ya tura ƙarƙashin gado, shekara da shekaru yana kwana a kansa. Ranar da muka je, a zaure muka sami telan, ya tsufa, idonsa ya fara rauni. Abokin tafiyata ya durƙusa, ya kwance buhun, bakinsa na rawa ya faɗi abin da ya yi. Tsohon bai dube shi ba. Ya jawo keken gabansa, ya shafa shi da tafin hannu, ya murza ƙafar, ta ƙi juyawa don tsatsa. Shiru ya yi tsawo har na fara jin kukan awaki a cikin gida. Can ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙi ruwa. Da muka sha, ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, sai ya shiga tambayar mutanen tsohuwar unguwa, wa ya mutu, wa yake nan.

Ba kullum take ƙarewa haka ba, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Ni kaina, a farkon aikina, wata mata ta gaya mini damuwarta a asirce, na yi sakacin baki na faɗa wa wani da nake ganin zai taimaka, maganar ta zagaya. Ta bar ikkilisiya. Da na je neman gafara ta saurare ni a bakin ƙofa, ta ce ta ji, ta rufe ƙofarta. Har yau ba ta ce ta yafe ba, kuma tana da hakkin ta ɗauki lokacinta. Na gaskata Allah ya gafarta mini, ina kuma ɗauke da tabon, shi ne ya koya mini riƙe bakina. Yaron nan zai iya zaginka, zai iya korarka. Iyalin Alhaji za su iya kai maganar gaban hukuma, domin sata laifi ce a dokar ƙasa, shi ya sa yana da kyau ka nemi shawarar lauya kafin ku tafi, ni ba lauya ba ne. Gafarar Allah ba ta hana mutum girbin wani abu daga abin da ya shuka a nan duniya. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke wajenku, ku yi zaman lafiya da kowa. Naka shi ne zuwa da faɗin gaskiya da biya. Amsarsu tasu ce.

Wani abu kuma da ba zan iya aunawa daga wasiƙa ba: in rashin barcin ya yi yawa, abinci ya fita ranka, ko tunanin raba kanka da duniya ya taɓa zo maka, kada ka tsaya a addu'a kaɗai. Ka gaya wa wani yau, ka kuma ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba shi da nisa da kai, zuwa can kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Doguwar damuwa takan zama ciwo a jiki, ciwo kuwa yana da magani.

Game da Jibin Ubangiji, ayar da takan tsorata mutane a 1 Korintiyawa 11 cewa ta yi mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Ba ta ce ya gwada kansa ya gudu ba. Da Yesu ya ɗaga ƙoƙon ya ce jininsa ne da za a zubar domin gafarar zunubai, kuma Bitrus yana zaune a teburin, awoyi kaɗan kafin ya yi musunsa. Wanda ya kamata ya ji tsoron teburin shi ne mai riƙe da zunubinsa yana niyyar ci gaba da riƙewa. Ran da ka zauna da fastonku ka faɗi gaskiya, ka ɗaura niyyar biya, ka sa ƙafa a hanya, a ganina ba sai ka gama biyan turmi na ƙarshe za ka koma ba. Ku yanke wannan tare da shi.

Cikin makon nan ka yi abu biyu. Ka nemi fastonku ku zauna. Sannan ka shiga tsohon layinku a kasuwa ka fara cigiyar yaron. Ka tambayi mai shayin bakin layi da tsofaffin 'yan dako, su ba sa manta yaron shago, kuma galibi sun san garin da ya fito da wanda ya kawo shi. In ka sami inda yake, ka sake rubuto mini kafin ku tafi, mu duba yadda za a buɗe maganar da wanda ya kamata ya fara shiga. Ina yi maka addu'a, ina kuma yi wa yarinyar. Ka gaishe ta, ka gai da mahaifiyarta.